Allon sanarwa na lantarki: abin da na gani bayan na yi aiki da iri uku

Duk wanda ya tambaye ni wane allon lantarki zai saya don sanar da abokan cinikinsa, ba na ce masa komai sai na ji abu biyu daga bakinsa: a ina zai kafa allon, kuma wa zai riƙa canza rubutun da ke kansa. Maganar girma da sunan kamfani daga baya take zuwa. Ni ina kula da ofishin karɓar kaya da aika su, wurin da mutane ke shige da fice tun safe har dare, kowa da tambayarsa: ƙarfe nawa ake rufewa, yaushe mota za ta tashi, wane kaya ne ba a karɓa, lamba ta nawa ake kira yanzu. Yawan amsa tambaya ɗaya sau ɗari ne ya sa muka bar takardun da ake mannawa a bango muka koma allo. Zuwa yanzu mun yi aiki da talabijin na gida, da allon LCD (irin na talabijin, mai wani ruwa na musamman a ciki da ake haskawa ta baya) da aka ƙera don kasuwanci, da kuma allon LED na waje, wanda ƙananan fitilu ne jere suke yin hotonsa.

Talabijin muka fara ratayewa a ɗakin jira, domin dama akwai shi a ofis. Hoto kam ba laifi, launi ya fito ras, kuma wanda ke zaune a kujera yana karanta komai ba tare da ya matse ido ba. Matsalarsa ita ce an yi shi ne don mutumin da ke zaune a gabansa da rimot a hannu, alhali a wurin kasuwanci babu mai wannan zaman. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, yana nan a kashe har sai wani ya lura ya kunna. Wani lokaci kuma sai wani saƙo ya fito a tsakiyar allo yana neman a sabunta manhajarsa, ya rufe lokutan tashin motoci ruf, mutane suna leƙen gefe da gefe ko za su hango abin da ke bayansa. Ga shi ba a ƙera shi don ya wuni ya kwana a kunne ba. Da tafiya ta yi nisa, inuwar tambarinmu ta zauna daram a kusurwar sama, ko an canza hoto tana nan. Yawancin masu ƙera talabijin ma sun rubuta a takardar garanti cewa ba ta shafi amfani da shi a wurin kasuwanci ba. Duk da haka ban ce kada kowa ya yi amfani da shi ba. Ƙaramin wuri da ke buɗe 'yan sa'o'i, allo a cikin ɗaki nesa da taga, ma'aikaci yana kusa, talabijin zai yi aikin.

Allon kasuwanci da muka sa a madadinsa, a ido kusan ɗaya suke, amma a aiki akwai rata. Ana rubuta 16/7 ko 24/7 a takardar bayaninsa, wato sa'o'i nawa a rana aka amince ya yi a kunne, kwana bakwai a mako. Namu yana kunna kansa da safe ya kashe kansa bayan an tashi, idan wuta ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, kuma ana kulle maɓallansa ta yadda yaro mai ƙiriniya ba zai canza komai ba. Fuskarsa ba ta sheƙi, don haka fitilun rufi ba sa haskawa a kan rubutu. Ana iya tsayar da shi a tsaye, abin da ya dace da dogon jerin sunayen garuruwa da lokuta, domin an tsara masa hanyar fitar da zafi ko a kwance ko a tsaye. Da yawansu suna zuwa da ƙaramar kwamfuta a ciki: na Samsung suna aiki da manhajar Tizen, na LG kuma da webOS, saboda haka ba dole sai an rataya wata na'ura a baya ba.

Wurin da na fi so mai saye ya natsu shi ne haske. Ana auna shi da nit. Talabijin na gida mai sauƙi yakan tsaya tsakanin nit 250 zuwa 350. Allon kasuwanci na cikin ɗaki yakan kama daga 350 zuwa 700, namu na ɗakin jira 500 ne kuma ya wadatar. Amma da zarar allo zai kalli titi ta bayan gilashin taga, lissafi ya canza gaba ɗaya, ana maganar nit 2,500 ne zuwa sama. Na gwada juya na ɗakin jira zuwa taga da tsakar rana, na fita waje na tsaya: abin da na gani shi ne fuskata da motocin da ke wucewa a bayana, rubutun kuwa sai na kare ido da tafin hannu na matsa dab da gilashi. Ba haske kaɗai ba ne ma. Idan rana ta daki fuskar LCD kai tsaye, ruwan da ke cikin allon yana iya yin zafi ya wuce iyakarsa, sai baƙaƙen tabo su bayyana har sai ya huce. Shi ya sa allunan taga suke da fuska mai jure zafi da fankoki a ciki. Wanda muka sa a tagarmu ana karanta shi daga bakin titi ko rana na tsaka, kuma yana da ido mai auna hasken waje, yana rage ƙarfinsa da yamma. Ina yaba masa ƙwarai. Aibinsa shi ne nauyi, da cin wuta fiye da ɗan'uwansa, da ƙarar fanka da ake ji idan ofis ya yi tsit. Dole kuma a bar masa sarari a baya don iska, a riƙa share ƙurar da ke taruwa a kafofinsa.

Allon LED na waje shi ne ya fi ruɗa masu saye, wani ɓangare saboda talabijin ma ana rubuta masa LED a kwali, alhali shi LCD ne da aka haska ta baya da fitilun LED. Na ainihi kuwa, kowane ɗigo da kake gani fitila ce mai zaman kanta, ja da kore da shuɗi a haɗe. Irin wannan allo mai cikakken launi bai samu ba sai da aka dace da shuɗiyar fitila mai haske a Japan a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samu lambar yabo ta Nobel a 2014. Ana haɗa allon ne da ƙananan faifai, da yawansu milimita 320 a 160, ana jera su har a kai girman da ake so.

Abin da za ka fara tambaya a nan shi ne lambar da ke bayan harafin P a bayanin allon. P10 na nufin milimita 10 tsakanin ɗigo da ɗigo, P5 milimita 5, haka har ƙasa. Masu sana'ar suna da ƙiyasi mai sauƙi: lambar P ita ce kusan mitocin da ya kamata mai kallo ya ja baya kafin ɗigon su haɗe su zama hoto. Ka yi lissafi da kanka kafin ka biya. Allo mai faɗin mita 2 a P10 ɗigo 200 kacal gare shi daga hagu zuwa dama, a P5 kuma 400, alhali talabijin na yau da kullum yana da 1,920. Wato hoton da ka tsara a kwamfuta da ƙananan rubutu ba zai fito yadda ka gan shi ba. Mai sayarwa ya kunna mana P10 mu gani, muka sa lambar wayar ofis, na tsaya inda masu tafiya a ƙasa ke bi, sai 3 da 8 suka zama abu ɗaya a idona. Muka ɗauki P5, kuma a nan na ga kuɗin ya yi amfani. Wanda allonsa zai hau saman gini don masu mota daga nesa, P10 ya ishe shi, ƙarin kuɗin asara ne.

Hasken na waje yakan kai nit 5,000 ko fiye, don haka rana ba ta cinye shi, amma da dare wajibi ne a rage shi saboda maƙwabta da direbobi, kuma garuruwa da yawa suna da doka da izini kan haka. Ka duba ko an rubuta IP65, lambar farko tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyu kuma yana jure feshin ruwa. Ka tambaya ta gaba ake buɗe shi don gyara ko ta baya, domin idan ka manne shi da bango kuma ta baya ake shiga, kowane ɗan gyara sai an sauke shi. Sannan ka karɓi faifan ajiya a ranar saye, daga rukunin da aka haɗa naka. Lokacin da faifai ɗaya ya mutu a namu, mai gyara ya zare shi ya sa na ajiya, ba wanda zai nuna maka wurin. Allunan da ake gani a titi kamar riga mai faci, wani murabba'i ya fi wani haske, yawanci faifan wani rukuni aka sa musu.

Duk wannan jikin na'ura ne. Abin da ya fi shafar aikinmu na kullum shi ne yadda ake canza rubutu, kuma shi ne abin da masu sayarwa suka fi saurin tsallakewa. Da farko da filashi muke yi: a gyara a kwamfuta, a kwafa, a ɗauko tsani, a laluba bayan allo. Idan canza lokaci ɗaya yana buƙatar tsani, to ba za a canza shi a kan kari ba, kowa zai ce sai an jima. Ranar da wata mata ta nuna min allo da yatsa ta ce an rubuta mota za ta tashi ƙarfe huɗu, alhali an mayar da ita biyu tun safe, na rasa abin ce mata. Ta yarda da allon ne saboda namu ne, kayanta kuma suka kwana. Takarda a bango idan ta tsufa ana gani, allo mai haske kuwa kullum sabo yake a ido ko da bayaninsa ya shuɗe.

Tun daga nan muka koma manhajar da ake sarrafawa ta intanet. Akwai su da yawa: MagicINFO na Samsung, da Xibo wadda kowa zai iya girka ta a kan kwamfutarsa, da Yodeck da Screenly da ke aiki a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, ga kuma na'urorin BrightSign da aka yi musamman don wannan aiki. Yawanci ana biyan kuɗin wata ko na shekara a kan kowane allo, don haka a sa shi cikin lissafi tun farko. Yanzu ma'aikaciyar da ke zaune a kantar ofis tana canza lokaci daga wayarta kafin mai tambaya ya gama juyawa. Abin da na fi ƙauna shi ne ranar ƙarewa: idan muka sa sanarwar hutu, muna gaya wa manhajar ranar da za ta sauke ta, ba sai wani ya tuna ba. Kafin ka amince da kowace, ka cire intanet ka ga ko allon zai ci gaba da nuna abin da ya ajiye ko zai yi baƙi. Ka kuma rubuta ƙ da ɗ da ɓ ka gani, domin wasu na'urorin akwati suke nunawa a gurbin haruffan da ba su sani ba. Gwaji mafi muhimmanci shi ne ka miƙa wa wanda zai riƙa aikin kullum ya canza layi ɗaya da kansa a gaban mai sayarwa, ba tare da an kama masa hannu ba.

Game da tsara rubutu, ƙiyasin masu zanen allo ya yi mana aiki: tsayin harafi kusan santimita 2.5 ga kowace mita 3 ta nisa. Rubutu mai gudu kuwa mun daina shi, mutum yakan iso a tsakiyar jimla ya tsaya jiran farkonta. Lokutan aiki da lambar da ake kira suna zaune a wuri ɗaya ba sa motsi, sauran sanarwa ne ke juyawa a ƙasa. A ƙofar ɗakin ajiya mun sa ɗan allon takardar lantarki irin fasahar E Ink, wanda ba ya cin wuta sai lokacin canza rubutu kuma ana karanta shi tar a rana, sai dai ba ya bidiyo, ba a kuma ganinsa a duhu.

Abin da har yanzu ke damuna shi ne allon LED ɗinmu yana da tasa manhajar daban, ba ta magana da ta sauran allunan. Duk canji sai an yi shi sau biyu, kuma idan aiki ya yi yawa na waje ne ake mantawa, shi da ya fi kowanne yawan masu karatu. Akwai akwatunan sarrafa LED masu karɓar HDMI, wato wayar da ke kai hoto daga na'ura zuwa allo, waɗanda ke ba da dama na'ura ɗaya ta ciyar da na ciki da na waje da bayani ɗaya. Shi za mu sauya kafin mu ƙara ko da allo ɗaya a ofishin.