Mitar auna yoyon wuta: ita ta kama abin da ke kayar mana da bireka a gareji

Jama'a duk wanda ya yi sabon wayarin a garejinsa kuma bireka ta ƙi zama, a ɗaga ta ta ɗan jima ta sake faɗuwa, to kafin ya ce ai ta bogi ce ya je ya sayo wata, ya nemi irin mitar nan mai baki da ake maƙala wa waya, amma fa wadda ke karanta miliyamf, wato ɗaya bisa dubu na amf, ma'aunin yawan wutar da ke bin waya. Na jaddada miliyamf ɗin ne saboda ta gama-garin nan mai auna amf 400 ko 600 da ke jakar kowane mai gyaran wuta ba ta da amfani a wannan aikin, sifili za ta yi ta nuna maka alhali wuta na yoyo.

Tawa ba ta manyan kamfanoni ba ce, kuma a gaskiya ta yi abin da aka saye ta dominsa.

Da farko sai ka san wa ke faɗuwa a akwatin wuta, don mutane komai bireka suke ce masa. MCB aikinta kare waya idan lodi ya yi yawa ko wayoyi sun haɗu. RCD kuwa, mai ɗan madannin gwaji a jiki, lissafi take yi, wutar da ta fita ta layif dole ta dawo ta nutural, in an samu giɓi ta yanke. Kuma wadda aka rubuta wa 30mA, wato miliyamf 30, ba sai giɓin ya kai 30 ba, ƙa'idarta ta faɗi a ko'ina tsakanin 15 da 30. Tamu RCD ce ke faɗuwa, kuma nan ne mitar take da rana. Za ka haɗa layif da nutural duka biyu a cikin bakinta, ka bar wayar ating, wato ta kariya da ke zuwa ƙasa, a waje, abin da ta nuna shi ne giɓin da RCD ɗin ke gani.

Ni da mai gyaran da muka yi aikin tare muka maƙala ta a layin da ya tafi gareji, muka riƙa jona kaya ɗaya bayan ɗaya, fitilun LED, firiza, cajar batir, injin buɗe ƙofa, injin walda mai inbata. Kowanne ya ɗan ƙara wani abu kaɗan, wanda ba laifi ba ne, kayan lantarki na zamani suna da tacewa a ciki da ke sakin 'yar wuta zuwa ating ko lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa dokar wayarin ta Ingila ta ce kada wannan yoyon na yau da kullum ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin RCD, wato miliyamf 9. Namu bai kai nan ba. Sai da muka kunna hita, abin da ba shi da wata tacewa, kawai lamba ta tashi, a kashe ta sauka, a ƙara lodi ta ƙara hawa. Mai gyaran yana ganin haka ya ce nutural ne ke taɓa ating a wani wuri, wani ɓangare na wutar yana komawa ta inda bai kamata ba.

Wannan matsalar ita ce mai sa mutum ya yi ta zargin kayansa a banza. In babu lodi shiru kake ji, sai an kunna abu mai jan wuta sosai, kuma ko ka kashe MCB ta layin da ke da laifin ba lallai ta daina ba, don yawancinsu layif kaɗai suke yankewa, nutural yana nan a haɗe. Muka kashe wuta gaba ɗaya muka bi soket soket, ashe a wani akwatin ƙarfe kusa da ƙofa sukurun murfi ne ya danne wayar nutural ya huda robarta, hujin bai kai kan ashana ba, sai da ya haska tocila ya lanƙwasa wayar sannan jan ƙarfen ya leƙo. Aka yanke wurin aka sake ɗaurawa, lamba ta zauna.

Yanzu abin da ban so ba a jikinta. Bakin ya yi kauri, a akwatin da wayoyi suka cunkushe sai ka yi ta dabara kafin ka sa biyun a ciki, kuma in bai rufe ruf ba ko ƙura ta shiga tsakanin leɓen, lambar ƙarya za ta ba ka. Kusa da babbar waya mai ɗauke da lodi lambar tana ɗan rawa, sai ka juya ta ka natsu. Hasken fuskarta yana mutuwa da wuri, ga gareji dama ba haske tunda rabin aikin a duhu ake yi. Takardar bayanin kuwa ban ƙaru da komai a cikinta ba.

Sannan kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Ba ta maye gurbin mega, wadda ke tura bolt 500 a waya bayan an kashe wuta don a ga lafiyar roba, abin da ya kamata a ce an yi tun ranar da aka gama wayarin. Haka in MCB ce ke faɗuwa daidai lokacin da kwampireso ya tashi, wannan ba yoyo ba ne, injin kwampireson ne ke fizgar ninkin wutarsa sau da yawa a tashin farko. MCB mai harafin B tana yankewa nan take a ninki 3 zuwa 5 na amf ɗin da aka rubuta mata, wato B16 mai amf 16 daga amf 48 zuwa 80, mai C sai 5 zuwa 10. Komawa C yana iya zama maganin, amma sai ma'aikaci ya auna layin ya tabbatar zai iya kayar da ita in an samu haɗuwar waya. Masu cire 16 su sa 32 a kan siririyar waya kuma, Allah ya kyauta, gobara suke gayyata.

Ga mai gyaran wuta ina ganin dole ce a jaka. Mai gida da bai saba buɗe akwatin wuta ba kada ya saya, tunda awon da wuta a kunne ake yinsa, ya kira ma'aikaci kawai ya tambaye shi tun a waya ko yana da mai karanta miliyamf.