Faci a mota tafi-da-gidanka: ka canza da hannunka ko ka kira masu agajin hanya?

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun daren jiya: ka sayi mota tafi-da-gidanka ta hannu, wato irin mai ɗakin kwana a cikinta, mai ƙirar Ford E-450, za ka ɗebi iyali daga Houston zuwa Grand Canyon a nan Amurka a hutun yara, kuma kana so ka san wanne ya fi, ka sayi jak da sifana ka riƙa canza taya da kanka, ko ka biya kuɗin shekara wa masu agajin hanya. Na gwada duka biyun, ga yadda na gan su.

Canzawa da hannu shi ne abin da zuciyar kowannenmu ke fara rayawa, don a gida mun saba. Taya ta yi faci, ka sa dutse, ka ɗaga, ka ɗaura sifiya, ka lallaɓa zuwa wurin mai faci na gaba. Amfaninsa a nan ma a fili yake: ba ka jiran kowa, ba ka buƙatar sabis ɗin waya, kuɗinka yana aljihunka. Sai dai motarka idan an cika ta tana iya kai fam 14,500, wato tan shida da rabi. Jak ɗin ƙaramar mota ba zai ɗaga ta ba, kuma ƙafafun nan da ke daidaita ta a wurin kwana ba don ɗaga taya aka yi su ba, kada wani ya ruɗe ka. Tayoyin baya biyu-biyu ne a kowane ɓangare. In ta ciki ce ta fashe, sai ka cire ta waje tukuna, ka ciro ta cikin, ka mayar da biyun, ka ɗaure noti takwas daidai ƙa'ida. Duk wannan a gefen titin da tireloli ke wucewa suna girgiza motar tana kan jak, yaranka suna kallo.

Ni a kan babban titin I-40 abin ya same ni, yamma da Amarillo, cikin zafin watan Yuli. Na ji ƙara kamar an harba bindiga, sai fat-fat-fat a ƙarƙashin gado. Ta ciki ce ta hagu, ɓangaren da motoci ke bi. Na fito da sifana, na hau kanta da ƙafa biyu, noti ko gezau. Ƙasan wurin kuma tsakuwa ce mai gangara. Uwargida ta dube ni ta ce, "Don Allah ka bari, kira su." Mun yi jiran kusan awa uku. Da mutumin ya iso da motarsa mai injin iska, ya shimfiɗa katako, ya ɗaga, ya warware notin da bindigar iska, bai cika rabin awa ba ya gama. Shi ya nuna mini inda fatar tayar ta tsinke ta daki bututun ruwan wanka ta tsaga shi. Ya kuma ce in sa a duba abokiyar zamanta ta waje, don ita kaɗai ta ɗauki nauyin biyu kafin in tsaya.

To jira shi ne babban aibin kiran agaji, kuma a hamadar New Mexico da Arizona jiran yana da tsawo, wani wurin ma waya ba ta kamawa. Duk da haka, a mota irin taka, shi na zaɓa. Wanda tasa ƙarama ce irin ta bas mai taya huɗu, zai iya canzawa da kansa in wurin shimfiɗaɗɗe ne. Masu manyan nan kamar luksuriyos, masu rim inci 22.5, su kam babu zancen hannu: taya da rim sun haura kilo 60, ɗaurin notinsu ya ninka na ƙaramar mota kusan sau biyar, kuma da yawansu ba sa zuwa da sifiya ma.

Inda mutane ke cin kwakwa shi ne wajen zaɓen kamfani. Katin AAA, ƙungiyar agajin masu motoci, da kake amfani da shi a ƙaramar motarka, a yawancin wurare ba ya ɗaukar wannan sai ka ƙara tsarin da ake kira Plus RV ko Premier RV (RV shi ne sunan irin wannan mota a Turance). Ita AAA haɗakar ƙungiyoyin yankuna ce, saboda haka sharuɗɗan Texas ba lallai su zo ɗaya da na wani yanki ba. Aikinsu a kan faci shi ne su ɗaura maka sifiyarka. In babu, sai janwe, har zuwa mil 100 a tsarin Plus, kuma kira huɗu ne a shekara. Kyawunsa, katin mutum yake bi, duk motar da kake ciki.

Kamfanonin agajin hanya na Good Sam da Coach-Net kuwa don irin waɗannan motoci aka tsara su. In ba ka da sifiya, za su nemo mai kawo sabuwar taya har inda kake ya ɗaura, kai ka biya kuɗin tayar. In ja ne, suna kai ka garejin da ya fi kusa cikin waɗanda za su iya aikin, ba tare da ƙirga mil ba, amma fa garejin da suka ga ya dace, ba wanda kake so ba. Coach-Net an san su da bakanike a waya dare da rana, wanda zai iya yi maka jagora in wuta ko janareta ya ƙi. Kafin ka biya kowa, har da kamfanin inshorarka in yana da irin wannan ƙari, ka yi tambaya ɗaya ka sa su amsa a rubuce: in ba ni da sifiya, taya za ku kawo mini ko janwe?

Shawarata, Malam, ka haɗa biyun. Ka yi rajista da ɗaya daga cikin masu harkar tafi-da-gidanka, sannan ka ɗauki sifiya a kan rim da iskarta, don mai zuwa ya ɗaura kawai, ba sai ya zaga neman lambar tayarka da dare ba. Ka rubuta lambar a takarda ka manna kusa da sitiyari; a irin motarka galibi LT225/75R16 ce, mai ɗaukar iska har 80 a ma'aunin PSI. In ta fashe kana gudu, kada ka danna birki. Riƙe sitiyari da kyau, ka rage a hankali. Ka lura da ƙananan allunan mil masu launin kore a gefen titi, don su za a fara tambayarka, kuma ka fitar da yara ta ƙofar dama su yi nesa da kwalta.

Tunda ta hannu ka saya, ka tsuguna yau ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin kowace taya, har da na cikin. In ka ga 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. Waɗannan motoci zama suke yi a rana, tayarsu kan tsufa ta tsattsage alhali zanenta yana nan kamar sabo. Tawa da ta fashe a Amarillo shekararta takwas, kuma ban duba ba kafin mu tashi. Allah ya kai ku lafiya, a gaida iyali.