Rumbun takardun NASA na NTRS: kyauta ne, amma sai mai haƙuri

Duk wanda yake harkar wutar lantarki ko yana karanta injiniyarin ya kamata ya leƙa NTRS, rumbun da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta zuba rahotannin bincikenta a intanet, babu kuɗi babu rajista, ka rubuta abin da kake nema kawai ka sauke PDF ɗinka. Ni abin da ya kai ni shi ne yadda ake tsara wayar da za ta ɗauko wuta daga injin nukiliya a sararin samaniya, kuma wallahi na samu fiye da yadda na zata.

Rubuta SP-100 ka gani. Shirin Amurka ne da aka fara a 1983 don injin kilowat 100, rahotanninsa da yawa daga cibiyar Lewis ta Cleveland suka fito, wadda yanzu ake kira Glenn. A nan za ka gane ashe wayar ma kanta ciwon kai ce. Dole a nisanta injin da kayan aiki saboda tururin nukiliya, to waya ta yi tsawo kenan, tsawo kuma nauyi ne, nauyi kuwa kuɗi ne a roka. Ka sirance ta sai ta ɗau zafi, kuma can babu iskar da za ta hura ta kamar layin Shiroro zuwa Kaduna, sai dai zafin ya fita a hankali ta jikinta. Ka ƙara ƙarfin wutar, wato voltage, don a rage kauri, sai tartsatsi ya zama barazana, ga robar jikin wayar tururin yana cinye ta sannu a hankali. Shi ya sa ake ta lissafi tsakanin jan ƙarfe da alminiyam, wanne za a yi wayar da shi.

Akwai na SNAP-10A ma, tauraron ɗan adam mai injin nukiliya wanda aka harba a 1965 ya yi kwana 43 ya tsaya, kuma ba injin nukiliyar ne ya lalace ba fa, na'urar daidaita wuta ce.

Sai dai a shirya, komai da Turanci ne mai cike da lissafi, tsofaffin kuma hoton takardun tafireta ne, a wayar hannu sai ka yi ta zuƙowa, gara kwamfuta. Wasu fayil ɗin manya ne suna shan data. Sabon shiga ya fara da na gwajin KRUSTY, wani ƙaramin injin nukiliya, na 2018, sun fi sauƙin karantawa.