Ƙurar Gusau cikin fankar laftof a Kuala Lumpur

Jama'a har yanzu abin da ya faru da ni makon jiya bai bar raina ba. Laftof ɗin nan da Yaya ya ba ni tun ina aji uku, da ita na taho Maleshiya karatu, kuma ta kai matsayin da in na kunna ta sai in tafi in yi alwala in yi sallah in dawo tana nan tana juya ɗigon nan. Na saba, ban ɗauke shi komai ba, sai ranar da malamin da ke duba aikina ya ce in nuna mai inda na kai. Minti kusan goma muna zaune ni da shi muna kallon allo, bai ce uffan ba, ni kuwa gumi kawai nake duk da sanyin esi. Wallahi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Wani ɗan ajinmu ya ce in tafi Low Yat Plaza da ke Bukit Bintang, bene ne guda hawa kan hawa galibin abin da ake saidawa waya ne da kwamfuta da kayansu. Na shiga wani ɗan shago, tun kafin in zauna na ce ma yaron a yi mata fomat, don abin da na sani ke nan. Sai ya dube ni ya ce don mi? Ya kunna ta gabana, ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, wato wajen da ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, ya juyo min allon ya sa yatsa kan had dis, ma'ajiyar kwamfutar: yana aiki 100 bisa 100, alhali ba mu buɗe komai ba. Ya shiga wajen manhajojin da ke tashi tare da Windows, sun fi ashirin, rabinsu ban ma san su ba, ga antibayiros har guda biyu suna faɗa da juna kan fayil ɗaya. Ya kashe waɗanda ba su da amfani, ya cire guda daga cikin biyun. Sannan ya ce babbar matsalar had dis ɗin ne, tsohon yayi ne mai faifai da ke juyi 5400 a minti, kuma ya fara gajiya, ko sau ɗari anka yi fomat haka za ta koma. Maganinta SSD ne, wato sabon yayin ma'ajiya mai sauri da ba ta da faifai mai juyi, da ƙarin ram, ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, daga giga 4 zuwa 8.

Nan fa raina ya ɓaci, ba da shi ba. Sau uku anka yi ma wagga kwamfuta fomat a gida. Duk zuwa magana ɗaya ce, bayiros ne oga, a wanke ta. A na biyu hotunan bikin ƙanwata sunka tafi gaba ɗaya tare da babi biyu na furojet ɗina, da na yi magana aka ce ai ban ce a kwashe ba. Kuma manhajojin nan da sunka danne ta, masu gyaran gida ne sunka zuba min su a matsayin kyauta. Ba rasit, ba bayani, sai ka dawo gobe.

Ba wai yaranmu ba su da basira ba ne, wanda ke gyaran waya ƙarƙashin lema a bakin kasuwa ba wuta ba komai ya fi ƙarfin raini. Gaggawa ce da rashin tsayawa a duba. Mu ma masu kaiwa da namu laifin, mu taya gyara kamar muna tayin tumatir, mu aza laftof kan katifa mu toshe mata hanyar iska, shekara biyar ba a taɓa kwance ta an hure ba.

Kuɗin sun ci min abincin kusan mako biyu, nan ba a ragi sosai kuma ringgit ba ya tausayin mai naira. Amma ya kwafe komai nawa zuwa sabon SSD ba abin da ya ɓata, tsohon dis ɗin ya sa min shi cikin ɗan gida na riƙa ajiya kamar filas, ya ba ni rasit da garanti. Ya ma faɗa min gaskiya cewa Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, kuma tawa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, in fara tari a hankali. Bai matsa min in sayi sabuwa ba. Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe.

Lokacin da ya kwance bayanta zai share fanka ya sake man sanyaya furosesa, sai ga ƙura ja ta dunƙule kamar auduga ta toshe ragar. Ya ɗago ta da ɗan burushi yana mamaki, ya ce nan ƙasar ruwa ce kusan kullum, ina na samo wannan? Na ce hunturun garinmu ne. Na tsaya ina kallonta kan farar takardar da ya shimfiɗa, sai Tudun Wada ta faɗo min a rai, da hazon safiya da shayin mai shayi na bakin layinmu. Har ya naɗe takardar zai jefa kwandon shara na ce ya dakata in ɗauki hoto in tura ma Inna.