Tsohon Jirgin Soja da Ke Yi Wa 'Ya'yan Itace Fifita

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da yaran gareji. Ka gaida Inna, ka ce mata kuka da daddawar sun iso.

Ran nan a waya ka yi mini dariya, ka ce ashe yaron jirgi na zama a Amurka. Ba ka yi ƙarya ba. Tankar mai nake tuƙa wa wani ƙaramin kamfani mai jirage masu saukar ungulu, a gefen garin Wenatchee da ke jihar Washington, can arewa maso yamma, nesa ƙwarai da birnin da fadar shugaban ƙasa take. Duk inda jirgi ya sauka, cikin lambu ne ko bakin daji, ni ke kai masa mai. Man kuwa kananzir ne tatacce, kuma gogan namu, wani tsohon jirgin soja, yana shan fiye da lita 300 a awa ɗaya.

Tunda kai mai ƙarfe ne, bari in fara maka da shekarunsa. A jikinsa akwai ɗan farantin ƙarfe da aka buga 1968. Ya girme ni, ya girme ka. Ƙirar kamfanin Bell ne, samfurin UH-1, amma kowa a nan Huey yake ce masa. Na farkon irinsa ya tashi a 1956, an ƙera sama da 16,000, kuma kusan 7,000 daga ciki sun yi yaƙin Biyetnam, suna kai sojoji suna kwaso masu rauni. Fikafikan farfelarsa biyu ne kacal, masu faɗi, shi ya sa tun yana bayan dutse kake jin "fat-fat-fat" kamar mata na bugun dawa. Tsofaffin da suka yi wancan yaƙin, idan suka ji ƙarar nan, sai ka ga sun tsaya cak sun ɗaga kai. A ƙasan namu akwai wasu faci guda uku masu girman tafin hannu. Babban bakanikenmu ya ce gurbin harsashi ne, matuƙin ya ce dutse ne kawai ya fasa. Har yau ba su daidaita ba.

Sojan ƙasa na Amurka ya sallami na ƙarshensa a 2016, amma tun kafin nan ana ta sakinsu, wasu a gwanjo, wasu a miƙa wa hukumomin jihohi. Hukumar kashe gobarar daji ta Kaliforniya ta fara karɓarsu tun 1981, ta yi shekara da shekaru tana aiki da su kafin ta soma sauya su da Firehawk, wanda shi ma asalinsa jirgin soja ne, yana ɗaukar ruwa galan 1,000, kusan ninki uku na abin da Huey ke ɗauka.

To me namu ke yi? A watan Yuni da Yuli, fifita yake yi. Kada ka yi dariya. Akwai wani ɗan itace da ake kira ceri, ja wur, girmansa kamar kanya, kuma babu jihar da ta kai wannan noman mai zaƙin. Idan ya kusa nuna aka yi ruwan sama, ruwan da ya kwanta a jikinsa yana shiga ciki, fatar ta tsage, kasuwa ta ƙi shi. Manomi na iya asarar wahalar shekara a dare ɗaya. Saboda haka masu lambu suna biyan kamfani kuɗin zaman jira, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, sannan su biya kuɗin awa idan jirgi ya tashi. Da ruwa ya ɗauke, waya za ta yi ƙara. Matuƙi ya tashi ya bi layin itatuwa a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar mai tafiya a ƙafa, iskar farfela tana kakkaɓe ruwan. Na tsaya a bakin lambu na gani da idona: rassa suna rusunawa, ruwa yana tashi kamar hayaƙi, hulata kuwa sai a layi na huɗu na tsince ta. Aikin yana da haɗari, don wayoyin lantarki sun ratsa lambunan ko'ina. Ni kuma nawa wahalar rashin barci ne. A wannan lokaci asuba wajen ƙarfe uku take, sau da yawa a gefen tanka nake shimfiɗa darduma.

Idan ceri ya ƙare sai lokacin gobara ya kama. A ɗaura wa jirgin wani ƙaton guga na tamfol da doguwar igiya, ya tsoma a kogi ko tafki, ya ɗebi ruwan da ya kai durom biyar ko shida, ya je ya sake a kan wuta. A maƙwabciyarmu Oregon kuwa akwai yayyensa manya, su ma tsatson soja, da ke ciro gungumen katako daga tsaunin da mota ba ta zuwa. Sai dai kada ka sa rai in ka zo za a ɗana ka. Doka ta ce irin waɗannan da aka sallamo daga soja aiki na musamman kawai za su yi, ba su ɗaukar fasinja don kuɗi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta maka. Ƙasar nan ba ta san gyara ba, Yaya. Firjina ya daina sanyi, na kira mai gyara, kuɗin zuwansa kawai da na abin da zai sauya sun kusa sayen sabo, shi da kansa ya ce in yar. Takalmi ya ɓalle, babu shumeka a bakin titi. Bakaniken mota yana cajin sama da dala 100 a awa, kuma ba ya kwance abu ya gyara, cirewa yake ya sa sabo. Sau nawa nake tuna ka kwance ƙarƙashin Marsandi 911, kana tayar da injin da mai ƙera shi ma ya manta da shi, ko mutanen Panteka da za ka kai musu ɓallallen ƙarfe su zuba maka irinsa kafin la'asar. A wannan fage mun fi su, nesa ba kusa ba.

Amma mutanen da ke yar da firji ɗan shekara biyar, su ne ke riƙe da jirgi ɗan shekara hamsin da ɗoriya. Na daɗe ina juya abin, sai ranar da na ga an yanka fiffiken farfela.

Fiffiken nan lafiya lau yake a idona, ko ƙwarzane babu. Bakanike ya ɗora shi a kan benci, ya jawo zarto mai lantarki ya raba shi gida uku. Na ce masa malam, lafiya? A garinmu wannan kafin magariba ya samu mai saye. Ya ce ai don haka yake yanka shi. Ya ja ni ofis ya buɗe kabad, littattafai jere. Kowane muhimmin ƙarfe a jikin jirgin yana da lambarsa da katinsa: ranar da aka ɗaura shi, awa nawa ya yi a sama, wa ya duba, wa ya sa hannu. Wasu an yanke musu wa'adi da awa. Da ya cika, ko yana ƙyalli, ya mutu. Ƙarfen da katinsa ya ɓata kuwa, ko sabo ne fil, ba a ɗaura shi. Kowace safiya kafin a tashi sai an zagaya jirgin da tocila ana leƙa lungu-lungu, ni ma sai na tsiyayi mai a kwalba daga ƙasan tanka an duba ko akwai ruwa. Wata rana na manta rubuta wannan a takarda, alhali na yi, aka sa na sake. Na ji haushi a lokacin, har na yi gunaguni da Hausa.

In ka bi diddigi, ɗan abin da ya rage tun 1968 shi ne gangar jikin da farantin nan. An sha sauya injin, da giya, da wayoyi. Kai ma haka kake wa rokar Alhaji, bambancin kawai naka lissafin a ka yake, ranar da ba ka gareji babu yaron da ya san yaushe aka sauya kan sitiyari.

Na ga labari cewa a watan Yunin 2024 sojan ƙasa na Nijeriya ya karɓi Huey guda biyu, na kuma ga yadda matasa suka yi ta ba'a a intanet wai an sayo mana gwanjon kakanni. Shekarun ba su dame ni ba, tunda kullum ina shayar da sa'ansu yana tashi. Da zan samu wanda zan tambaya, littattafan zan ce a nuna mini, da inda kayan gyara za su riƙa fitowa. Na kuma yi tunanin Maiduguri lokacin ambaliyar Satumban 2024, da gobarar kasuwanninmu ta lokacin hunturu, da jan baki da ke cinye shinkafa a Kebbi da Jigawa. Aikin da irin jirgin nan zai yi mana bayan ya cire kaki ba kaɗan ba ne.

Zan sa maka wani littafi mai bangon roba a cikin kayan da zan aiko, irin wanda nake rubuta lissafin mai, maiƙo ba ya ɓata shi. Ka gwada da mota ɗaya tukuna. Hadari ya haɗo ta bayan tsauni, matuƙinmu ya riga ya fita yana kwance igiyar farfela, bari in je in tsiyayi mai. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka.