Suna, machine-id ko product_uuid: wanne ne shaidar sabar?

Ɗan'uwa, ka ce ka kwafi sabar Ubuntu guda uku daga samfuri (template) ɗaya a Proxmox, manhajar da ke gudanar da injinan kwaikwayo (VM), ka sake wa kowace suna, amma DHCP, mai raba adireshi a kan hanyar sadarwa, adireshin IP ɗaya yake ba su duka. Kana tambaya ko sunan bai isa ya bambanta su ba. Bai isa ba. Shaida uku ce kowace sabar take ɗauke da ita, kuma kowace da inda take zaune.

Sunan da kake sawa da hostnamectl set-hostname domin mu mutane aka yi shi, don ka san inda ka shiga. Kana iya canza shi sau goma a rana.

Shi product_uuid a jikin ƙarfen yake, ko a tsarin VM ɗin. Za ka same shi a /sys/class/dmi/id/product_uuid, kuma sai kana root, wato mai cikakken iko a kan injin, zai buɗe maka. Proxmox yana ba kowane kwafi sabo, haka ma adireshin MAC, wato lambar katin sadarwa, don haka ta nan ba ka da matsala. Kubernetes ma, manhajar da ke haɗa injina da yawa su yi aiki tare, kafin ka girka shi da kubeadm, sharaɗinsa shi ne suna da MAC da product_uuid kada su zo ɗaya a injina biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne /etc/machine-id. Layi ɗaya ne tak, haruffa da lambobi 32, wato bit 128, kuma a kan faifai yake kwance. Duk wanda ya kwafi faifai ya kwafe shi. Tun Ubuntu 17.10 da aka koma netplan wajen tsara hanyar sadarwa, systemd-networkd ne ke nema wa sabar adireshi, kuma ba da MAC yake gabatar da kansa ba, da wata lamba ce da yake cirowa daga machine-id. To ka ga a idon DHCP sabobinka uku mutum ɗaya ne yake ta dawowa. Buga hostnamectl a kowace, ka dubi layin Machine ID, za ka tarar iri ɗaya sak. Kada layin Boot ID da ke ƙarƙashinsa ya ruɗe ka, shi duk kunnawa sabo yake zuwa.

Akwai masu sa dhcp-identifier: mac a netplan su wuce. Adireshin zai rabu, gaskiya ne, amma ni ban yarda a tsaya nan ba, domin journald, mai ajiye rahotannin injin, shi ma da lambar machine-id yake sanya wa rumbun bayanansa suna a /var/log/journal. Ranar da ka tara rahotannin sabobin wuri ɗaya, rarrabe su zai ba ka wuya.

A ukun da ka riga ka kwafa, goge /etc/machine-id da /var/lib/dbus/machine-id, ka buga systemd-machine-id-setup, ka sake kunnawa. Na biyun nan shi ake yawan mantawa, alhali in yana nan da tsohuwar lamba, daga cikinsa za a sake kwafo ta. A samfurin kuwa, kafin ka kashe shi, buga truncate -s 0 /etc/machine-id, ka mai da /var/lib/dbus/machine-id mahaɗi (symlink) zuwa gare shi. Kowane kwafi zai samar da tasa lambar a kunnawar farko.

Ka haɗa da makullan SSH, wato hanyar shiga sabar daga nesa, da ke /etc/ssh, su ma faifai suke bi. A kan kowane kwafi ka goge fayilolin da sunansu ya fara da ssh_host, sannan ka buga ssh-keygen -A.