TagSpaces: Manhajar Liƙa wa Fayil Lakabi

Wanda fayilolinsa suka yi yawa har folda ta kasa riƙe su, TagSpaces za ta rage masa wahala. Tana aiki a Windows, macOS da Linux, ba ta buƙatar intanet ko buɗe asusu.

Za ka nuna mata foldar da kake so, ka ƙirƙiri lakabi, ka ja shi ka ɗora kan fayil. Nan take za ta saka lakabin cikin sunan: rasit.pdf ya koma rasit[haya].pdf. Ko ka kwafe shi a filasha ka kai wata kwamfutar, lakabin na nan. Wannan ne babban amfaninta.

Sai dai fa canza suna yana iya katse gajeriyar hanyar (shortcut) da ke nuni ga fayil ɗin, kuma idan lakabai suka yi yawa, sunan zai yi tsawo, Windows kuma kan ƙi adireshin fayil da ya wuce harafi 260. Akwai zaɓin ajiye lakabi a ɓoyayyiyar folda mai suna .ts, amma in ka matsar da fayil ba ta cikin manhajar ba, lakabinsa zai tsaya a baya.

Kada ka bar sarari cikin lakabi ɗaya, za ta ɗauke shi biyu. Rubuta kuɗin-makaranta.